Kilo 48: Nazarin Lamarin Wata 'Yar Dambe daga Nima da Ta Ƙaurace wa Abinci

Yarinyar da wannan nazari ya shafa 'yar unguwar Nima ce a birnin Accra. Shekarunta 17 lokacin da aka kwantar da ita a asibiti a watan Yunin 2024, bayan ta shafe kusan shekara uku tana koyon damben zamani a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen horo na yankin Bukom. An sakaya sunanta, da na kocinta, da na gidan horon, bisa sharaɗin da mahaifiyarta ta gindaya kafin ta amince a yi rubutun, saboda haka za a riƙa kiran ta Auta, kamar yadda ake kiran ta a gida. Bayanan sun fito ne daga bakinta, da bakin mahaifiyarta, da yayarta, da kocin, da kuma takardun asibiti da iyalin suka nuna.

Faɗuwa ce ta kai ta asibiti. Da sanyin safiya tana gudu tare da abokan horonta, sai ta ji jiri ya ɗebe ta, ta tsuguna a bakin titi, daga nan ba ta sake sanin inda kanta yake ba sai a cikin tasi. Da aka auna ta, tsawonta mita 1.66 ne, nauyinta kuma kilo 46.5, wato ma'aunin nauyi da tsawo da likitoci ke amfani da shi bai kai 17 ba, alhali ƙasa da 18.5 ma rama ce ga babbar mace. Zuciyarta tana bugawa sau 44 a minti ɗaya, jininta ya yi ƙasa, sinadarin fotasiyam na jininta ya ragu zuwa matakin da ke iya hargitsa bugun zuciya, ƙashin ƙwaurinta na hagu ya tsage, kuma rabon da ta ga jinin al'ada tun watan Oktoban 2023.

Yadda aka kafa ta a kilo 48

Auta ta fara sha'awar dambe ne a watan Agustan 2021, lokacin da ɗan dambe Samuel Takyi ya ciwo wa Ghana lambar tagulla a wasannin Olamfik na Tokyo, wadda ita ce lamba ta farko da ƙasar ta samu a Olamfik tun 1992. Wanda ya san Accra ya san cewa Bukom da kewayenta su ne gidan dambe, can ne Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito, kuma har yau yara ƙanana suna dukan buhu a lunguna. Ga 'yar Zango dai, wato unguwar Musulmi irin Nima, zuwa can abu ne mai wuya. Mahaifinta, direban babbar mota da ke jigila tsakanin Tema da Wagadugu, ya ƙi da farko, kuma abin da ya sassauto da shi shi ne jin cewa tun 2019 hukumar damben duniya ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba ta yarda mace ta shiga fili da hijabi da suturar da ta rufe hannu da ƙafa. Ya sa sharaɗi biyu: kada ta bar makaranta, kuma kada Magariba ta same ta a waje.

A lokacin shekarunta 14, siririya ce, doguwa, nauyinta bai wuce kilo 46 ba. Da ta fara hawa fili a 2022, sai kocin ya shigar da ita ajin kilo 48, kuma ta yi nasara a yawancin karawarta na farko, domin hannunta ya fi na abokan karawarta tsawo, tana taɓa su tun kafin su iso gare ta. Wannan shawara a lokacin ba ta da wani aibu. Matsalar ita ce an bar ta a kan wannan adadi alhali jikin yarinyar bai gama girma ba. Tsakanin shekara 14 da 17 jikin 'ya mace yana ƙara ƙashi da tsoka da kitse, ƙugu yana buɗewa, kuma zuwa tsakiyar 2023 nauyin da jikin Auta ke komawa kansa idan ta ci ta ƙoshi ya kai kilo 53 zuwa 54.

Da aka tambayi kocin dalilin da ya sa bai matsar da ita aji na gaba ba, bai ɓoye komai ba. Ya ce a 48 tana da fifikon tsawo, idan ta hau 52 ko 54 za ta haɗu da masu ƙarfin naushi, sannan kuma yana da wata yarinya a 54, ba ya so 'yan gida ɗaya su riƙa fitar da juna a gasa. A ganina wannan dalili na biyu ya fi na farko nauyi a zuciyarsa, ko da yake shi bai faɗi haka ba. Ba mugun mutum ba ne. Ba a biyan sa albashi, sau da yawa daga aljihunsa yake ba yaran kuɗin mota, kuma duk abin da ya sa Auta ta yi shi ma haka aka yi masa yana saurayi: gudu da rana tsaka cikin rigar leda, tofar da yawu, da kwana ba a sha ruwa ba idan gobe za a hau sikeli.

Akwai wani abu a tsarin wasan da ya kamata a fahimta, domin shi ne ya mayar da ragin nauyi na 'yan kwanaki ya zama yunwar kullum. Ƙwararrun 'yan dambe ana auna su ne kwana guda kafin wasa, su samu lokacin ci da sha. Waɗanda ba ƙwararru ba kuwa ana auna su da safiyar ranar wasa, kuma idan gasa ta ɗauki kwanaki, duk ranar da mutum zai kara sai ya sake hawa sikeli. Auta ta gwada zubar da kilo biyar a mako ɗaya sau biyu, kuma a duka biyun ta shiga fili ƙafafunta suna rawa, a turmi na uku ko hannu ba ta iya ɗagawa. Daga nan ta yanke wa kanta shawarar da take ganin ita ce ta hankali, wato ta zauna a kilo 48 kullum, ko da gasa ko babu. Ba wanda ya umarce ta da haka, amma ranar da ta hau sikelin da ke bakin ƙofar gidan horon ya nuna 48.4 alhali babu wata gasa a gaba, kocin ya tara sauran yaran ya ce su yi koyi da ita.

Yunwa a gidan mai sayar da abinci

Mahaifiyar Auta, wadda kowa a layinsu ke kira Hajiya, tuwon zafi da miyan ayoyo take sayarwa da yamma, kuma Auta ce mai zuba wa mutane idan ta dawo daga horo. Mai karatu zai yi mamakin yadda yarinya za ta yi wata takwas ko tara tana horar da kanta da yunwa a irin wannan gida ba a gane ba, amma gidan ne ya ba ta mafaka. Duk wanda ya gan ta, da ludayi ya gan ta a hannu, tana ƙanshin miya, kuma babu wanda zai kawo wa ransa cewa mai raba tuwo ba ta ci ba. A gida takan ce ta ci a wajen horo, a wajen horo kuma ta ce abinci yana jiran ta a gida. Ta daina zama a kwano ɗaya da yayarta, ta ce lokacinsu ba ya haɗuwa. Idan aka matsa mata sai ta ɗebi malmala guda ta shige ɗaki, daga baya yayar ta gano cewa ta taga take miƙa wa yaran maƙwabta. Abin da ya rage mata a yini shi ne koko rabin kofi ba sukari da safe, ƙwai ɗaya ko ɗan kifi da rana, sai kokwamba da ruwan zafi da dare. Ta haramta wa kanta mai gaba ɗaya, har ƙosai ma sai ta matse shi cikin takarda kafin ta gutsura, daga baya ta bar shi.

Sai kuma azumi. Ta fara da Litinin da Alhamis, ta ƙara da kwanaki uku na tsakiyar wata, sannan ta riƙa cewa tana ramuwa, ba tare da kowa ya lissafa ramuwar kwana nawa ba ce. Hajiya ta yi farin ciki ƙwarai, domin tun farko tsoronta shi ne dambe zai raba yarinyar da tarbiyya, sai ga shi ta fi kowa ibada a gidan. Maƙwabta suka riƙa ba 'ya'yansu misali da ita. Ba a cewa Auta ƙarya take yi game da niyyarta, ita kanta ta ce abubuwan biyu sun cakuɗe mata, har ta kai ba ta san wanne ne ke tayar da ita sahur ba, wanda shi ma ruwa kawai take sha. Irin wannan cakuɗuwa an taɓa ganin ta a Ghana. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya a 2004 ya auna ɗalibai mata 668 a makarantun sakandare biyu na ƙasar, ya samu goma da ramarsu ta yi tsanani ba tare da wani dalili ba sai hana kai abinci, kuma dukansu sun ɗauki abin da suke yi a matsayin abu mai kyau, suna fassara shi da addini.

Wani abin da ya rufe idon iyalin shi ne yadda ake kallon jikin mace a Zango. Budurwa a nan cika da ƙiba ake so ta yi, har wasu suna sayen maganin sa cin abinci a kantin magani don su murje kafin biki. A irin wannan wuri ba wanda ke tunanin yarinya za ta guji abinci da gangan, ana ɗaukar wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne da ake gani a talabijin. Saboda haka da ramar ta fito fili sai aka nemi dalili a wani wuri. Sau biyu aka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, a zuwa na biyu aka ƙara da na gyambon ciki. Goggonta ta kawo rubutu da turare, ta ce bakin mutane ne ya kama yarinyar saboda sunanta ya fara fita. A duk wannan zirga-zirga babu wanda ya tambaye ta abin da ta ci jiya.

Azumin 2024 da tambayar da aka yi rabinta

Jinin al'adarta ya fara raguwa a tsakiyar 2023, ya ɗauke a Oktoba. Ta gaya wa wata da ta girme ta a gidan horon, ita kuma ta ce mata ai wannan alama ce horo ya kama jiki, kuma hutu ne, ba ruwanta da ciwon mara ranar wasa. Auta ta karɓi wannan bayani, ta yi shiru.

Azumin 2024 ya zo a watan Maris, daidai lokacin da Accra ke karɓar baƙuncin wasannin Afirka karo na 13, waɗanda aka yi dambensu a filin dambe na Bukom. Auta tana zuwa kallo, tana ganin matan wasu ƙasashe a ƙananan azuzuwan nauyi, tana ƙara ɗaure ɗamara. Yayarta ce ta lura da abin da kowace mace a gidan za ta iya lura da shi: an kai ashirin ga wata, an shiga goman ƙarshe, Auta ba ta sha azumi ko ɗaya ba, ba ta kuma yi fashin salla ba. Da ta waiwaya baya sai ta tuna cewa ta daɗe ba ta ga ƙanwar ta nemi audugar mata ba. Ta kai maganar ga Hajiya, kuma tunanin da ya zo wa su biyun ɗaya ne.

Bayan an sha ruwa Hajiya ta kira ta ɗaki ta rufe ƙofa. "Auta, ki dubi girman Allah ki gaya mini gaskiya, wa ya taɓa ki a can wajen damben?" Yarinyar ta fashe da kuka. "Wallahi Mma, babu kowa. Haka kawai ya tsaya." Yayar ta ce, "Haka kawai ba ya tsayawa, Auta." Washegari aka sayo abin gwajin ciki, ya nuna babu komai, Hajiya ta yi hamdala, ta rungume 'yarta ta nemi gafararta, aka rufe maganar.

A nan ne aka yi asarar dama mafi girma a duk lamarin, wata uku kafin faɗuwar. Iyalin sun ga alamar da ta dace, sun kuma ɗauke ta da muhimmanci, amma tambaya ɗaya kawai suka san ana yi idan budurwa ta daina ganin al'ada, kuma da amsar ta wanke ta sai murna ta hana su yin ta biyu. A wajen likitoci, macen da ta saba ganin al'ada idan ta yi wata uku ba ta gani ba, kuma ba ciki gare ta ba, dole ne a binciki dalili. Auta a lokacin tana wata na shida.

Abin da ke faruwa a jiki a irin wannan hali sananne ne. Tun 1992 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta haɗa abubuwa uku da ke tafiya tare a jikin mata 'yan wasa, wato ƙarancin abinci, da ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi, kuma a 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin ya sa masa suna RED-S, wato ƙarancin kuzarin da jikin ɗan wasa ke buƙata, domin an gane cewa matsalar tana taɓa zuciya da garkuwar jiki da narkewar abinci da tunani, kuma tana kama maza ma. Lissafin da ake yi shi ne a ɗauki kalorin da mutum ya ci a yini, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, a cire wanda horo ya ƙone, a raba abin da ya rage da nauyin jikinsa ban da kitse. Idan sakamakon ya kai wajen 45 jiki yana cikin wadata, idan ya faɗi ƙasa da 30 kuwa, kamar yadda binciken Anne Loucks ya nuna a kan mata, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙwayayen haihuwa yana fara rikicewa cikin 'yan kwanaki. Jiki yana yin abin da magidanci ke yi idan samu ya ragu: ya dakatar da gini, ya ɗaga maganar aure, ya bar kuɗin cefane kawai. Da aka yi wa Auta wannan lissafi bisa abin da ta ce tana ci, nauyinta ban da kitse ya kama wajen kilo 40, tana cin abin da bai wuce kalori 1,200 ba a ranar da ta ci da yawa, horo yana ƙone kusan 700, saboda haka abin da ya rage wa jikinta bai kai 15 ba, ƙasa da rabin iyakar haɗari.

Idan al'ada ta tsaya ta wannan hanya, sinadarin istirojin yana raguwa, shi kuwa yana cikin abubuwan da ke riƙe ƙwarin ƙashi. Mafi yawan ƙashin da mace za ta rayu da shi tana tara shi ne kafin ta kai shekara 20, don haka watannin da Auta ta yi a wannan hali sun faɗo ne a lokacin da ya fi kowane tsada. Ciwon ƙwaurin ya fara ne bayan Ƙaramar Salla. Ta riƙa shafa man zafi tana ɗaure wurin da bandeji, tana ci gaba da tsallen igiya a kan siminti. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, wanda haka yakan faru a makonnin farko na irin wannan tsagewa, sai da aka yi hoton maganaɗisu aka gan ta.

Ragin fotasiyam kuwa dalilinsa daban ne, kuma sai a kwana na uku a asibiti ta faɗe shi. Tun farkon shekarar nauyinta ya daina sauka duk da yunwar, sai ta fara shan shayin wankin ciki da ake tallarsa a intanet, daga baya wata ta ba ta ƙwayoyin sa fitsari na masu hawan jini da ciwon zuciya. Babu ɗayansu da ke rage kitse. Maganin wankin ciki yana aiki ne a babban hanji bayan jiki ya riga ya tsotse abincin, abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jini, kuma wannan ne ke iya tsayar da zuciyar matashiya ba tare da gargaɗi ba.

Ciwo ne ko biyayya ga koci

Tambayar da likitocin suka daɗe a kanta ita ce ko Auta 'yar wasa ce da aka ba gurguwar shawara, wadda za ta koma cin abinci da zarar an yi mata bayani, ko kuwa abin ya riga ya zama ciwon ƙin cin abinci da ake kira anoreksiya. Bambancin yana da muhimmanci, domin a gidajen horo na Accra akwai yara mata da ba sa cin abin da ya ishe su saboda babu, waɗannan abinci ne maganinsu. Akwai kuma masu matse kai mako guda kafin gasa su saki bayan ta. Auta ta wuce waɗannan matakai. An gaya mata ƙafarta ta tsage kuma ba za ta hau fili ba har tsawon watanni, wato babu sauran sikelin da ke jiran ta, amma duk da haka da aka ajiye mata shinkafa da miya a gadon asibiti sai jikinta ya ɗauki rawa. Ma'aikaciyar jinya ta same ta da tsakar dare tana motsa jiki a bayan labule da ƙafa ɗaya. Ta roƙi yayarta ta kawo mata ƙaramin sikelin da ta saya ta ɓoye a ƙarƙashin gado, wanda ta ce takan hau shi sau biyar ko shida a yini. A kan wannan ne likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar da ciwon.

Ba ita kaɗai ba ce wasa ya kai ga haka. Wani babban bincike da aka yi a Norway, aka buga a 2004, ya samu ciwon da ya shafi cin abinci a jikin kashi 20 cikin ɗari na manyan 'yan wasa mata, alhali a cikin matan da ba 'yan wasa ba kashi 9 ne. A 2019 'yar tseren Amurka Mary Cain ta fito ta bayyana cewa matsin lambar rage nauyi a ƙarƙashin kocinta ya sa ta yi shekara uku ba ta ga al'ada ba, ƙasusuwanta biyar suka karye. Ita a lokacin tana tare da ƙungiyar da kamfanin Nike ke ɗaukar nauyi, Auta kuwa tana horo a ƙarƙashin rumfar kwano, amma jikinsu hanya ɗaya ya bi.

Jinyar ta fara da gyara gishirin jini, sannan aka riƙa ƙara abinci mataki-mataki ana auna jini, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka cika shi farat ɗaya sinadarin fosfet yana iya faɗuwa ya jawo matsalar zuciya. Hajiya ta sha wahalar fahimtar wannan, ita da take so ta dafa kaza guda ta zaunar da 'yarta. Wata 'yar uwa ta ba da shawarar a ba yarinyar ƙwayar tazarar haihuwa don al'adar ta dawo, likitar mata ta ƙi, ta yi bayanin cewa jinin da ƙwayar ke kawowa ba ya nuna jiki ya warke, ba ya gyara ƙashin, kuma zai ɓoye alamar da ake dogaro da ita wajen sanin ko abincin ya fara isa.

Bayan an sallame ta, tsarin da aka bi shi ne wanda ake danƙa wa iyaye ragamar abincin yaro har sai ya samu ƙarfin karɓar ta, tsarin da aka fara gwadawa a asibitin Maudsley na Landan. A gidan Hajiya fassararsa mai sauƙi ce: ci uku da ƙarin biyu a tsakani, a kwano ɗaya da uwa ko yaya, babu shiga ɗaki da abinci, babu sikeli a gidan. Hajiya ta ɗauki wata yarinya ta riƙa zuba wa masu saye, ta cire Auta daga bakin tukunya. Makonnin farko sun yi zafi. Akwai daren da suka zauna awa biyu a kan malmala ɗaya, tuwon ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa, Auta tana cewa "Mma, kin fi son in zama ba kowa ba," Hajiya kuma tana kuka tana cewa "Ci dai, Auta, sauran maganar sai gobe." Mahaifin ya rage tafiye-tafiyensa na wata biyu, kuma kuɗin hotuna da na ganin likitan ƙwaƙwalwa sun cinye adashin da Hajiya ke tarawa don gyaran shago.

Mutum biyu daga wajen gida sun yi tasiri. Na farko malamin makarantar Islamiyyar da ta yi karatu a wurinsa tun tana ƙarama, wanda yayar ta je ta yi wa bayani dalla-dalla. Ya zo har gida, ya gaya wa Auta cewa azumin nafila da ke cutar da jiki ba abin da ake nema ba ne, kuma mara lafiya an yi masa rangwame har a na farilla, ya ce ta ajiye azumi sai likita ya ba da izini. Maganar likita a kan wannan ba ta shige ta ba, ta malamin ce ta shiga. Na biyu shi ne kocin, wanda da farko ya ɗauka ana so a ɗora masa laifi, ya ce shi bai taɓa hana kowa cin abinci ba. Abin da ya girgiza shi shi ne jin labarin ƙwayoyin sa fitsari, domin suna cikin jerin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta a kowane lokaci, kuma da an kama yarinyar da su a wata gasa da sunan gidan horonsa ya ɓaci. Ba dalilin da aka so ya motsa shi ba ne, amma ya isa ya sa shi ɗauke sikelin daga bakin ƙofa zuwa cikin ofishinsa, ya kuma amince da cewa Auta ba za ta sake karawa a ƙasa da kilo 54 ba.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. A watan Disamban 2024, da ta ji an fara shirin wata gasa, ta koma rage abinci a ɓoye har ta zubar da kusan kilo biyu kafin a gane, aka mayar da ita ganin likita duk mako. Azumin 2025 ya zama jarabawa ta wani fanni, domin an hana ta yi, kuma cin abinci da rana a gidan haya mai ɗakuna da yawa a Nima, wata guda cur, abu ne da ke jawo tambaya. Hajiya ta tare maganar da cewa 'yarta tana shan magani, wanda kuma gaskiya ne. Al'adar ta dawo a watan Mayun 2025, lokacin da nauyinta ya tsaya a kilo 54, bayan wata 19 da ɗaukewarta.

An ba ta izinin komawa horo a hankali, da sharaɗin cewa idan al'ada ta sake ɓacewa wata biyu a jere za a dakatar da ita, kuma yayarta ce ke riƙe da lissafin. Yanzu a ajin kilo 57 take, ta yi karawa biyu, ta faɗi ɗaya ta ci ɗaya, kuma ta ce har yanzu idan aka kira ta awo sai ta ji cikinta ya murɗa. Awon ƙwarin ƙashi da aka yi mata ya nuna na ƙashin bayanta yana ƙasa da na sa'o'inta, za a sake aunawa bayan shekara guda, kuma likitar ta gaya wa iyalin cewa mai yiwuwa ba duk abin da aka rasa ne zai dawo ba. A gidan horon akwai wasu yara mata biyu 'yan shekara 14 da suka fara hawa fili a ƙananan azuzuwan nauyi. Kocin ya yi alkawarin sake duba ajinsu duk bayan wata shida, amma alkawarin na baki ne, kuma iyayen yaran ba su san labarin Auta ba, domin Hajiya ba ta yarda a gaya musu ba.